NOMA A CIKIN TEKU

Manomin ƙasar Hausa ya san zaman jiran ruwan shuka. Ya yi sharar gona, ya kai taki, ya gyara sungumi, sa'an nan ya zauna yana duban gabas. In hadari ya yi jinkiri hankalin kowa ya tashi, har ɗan kasuwa da akawu. To, akwai waɗansu manoma a duniya da ba ruwansu da duban gabas, wata su ke duba. Gonarsu ba ta son huɗa, ba ta son taki, ba ta son ban ruwa, don kuwa a cikin teku ta ke. Abin da su ke nomawa shi a ke kira ciyawar teku.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin abu ne. Bisa lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin 2020 an noma ɗanyar ciyawan nan fiye da ton miliyan 35. Ƙasar Sin da Indunusiya su kaɗai sun fitar da fiye da kashi huɗu cikin biyar. A Afirka kuwa Zanzibar ce a gaba, watau tsibiran nan na Tanzaniya da 'yan koli su ka sani saboda kanumfari.

MECE CE CIYAWAR TEKU?

Sunan ciyawa kawai a ka ba ta, amma ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Dangin gansakuka ce, irin wadda a ke gani a bakin tafki da jikin randa, sai dai ita ta teku ta kan yi rassa, wata ma ta kan fi itacen dabino tsawo. Akwai kore, akwai ja, akwai ƙasa-ƙasa. Da jikinta duka ta ke shan abincinta daga ruwan gishiri, hasken rana kuma ya raya ta kamar kowane tsiro. Abin da ta ke kama dutse da shi ba saiwa ba ne, mariƙi ne kurum don kada igiyar ruwa ta tafi da ita.

Mutanen bakin teku sun daɗe suna cin moriyarta. A tsibiran Aran na ƙasar Ailan, inda ƙasa ta ke fa ce tsantsa, manoma su kan shimfiɗa ciyawar teku da rairayi bisa dutse, shekara da shekaru, har su sami ƙasar da za su dasa dankalin Turawa. A Sikotilan kuwa ƙona ta a ke yi a sayar da tokar ga masu yin sabulu da gilas, kamar yadda mata ke tace toka su yi sabulun salo. Sai an ƙona ɗanya wajen ton 20 kafin a sami ton guda na toka. Cikin irin wannan toka ne wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin cikin 1811, maganin nan da a ke shafa wa rauni, wanda kuma a ke zuba ɗan kaɗan a gishiri don hana maƙoƙo.

Amma cinikin tokar ya bar darasi mai ɗaci. Bayan 1820 gwamnatin Ingila ta sauƙaƙa kuɗin fito a kan tokar da a ke kawowa daga waje, farashi ya faɗi warwas. Dubban talakawan da su ka saki noma su ka kama ƙona ciyawa su ka rasa abin yi, da yawansu su ka yi ƙaura zuwa Kanada. Wanda ya zuba ƙwansa duka a hannun mai saye guda, ran da mai sayen ya juya baya sai ta Allah.

BATURIYAR MANCHESTER DA MASUNTAN JAPAN

Mutanen Japan suna da wata jar ciyawa da su ke kira nori, a kan shanya ta fale-fale kamar takarda a naɗe shinkafa da ita. Shekaru ɗaruruwa suna nomanta ba su san irinta ba. Da kaka su kan kafa gora a ruwa maras zurfi su jira. Wata shekara ciyawa ta kama gorar, wata shekara ko ƙyas. Da bazara kuma ta ɓace, ba wanda ya san inda ta ke shiga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu guguwa da ƙazantar ruwa su ka haɗu, noman ya lalace, ga shi ba iri a rumbu balle a sake shuka.

Maganin abin daga Ingila ya fito. Wata malama mai ilmin tsire-tsire a Jami'ar Manchester, Kathleen Drew-Baker, tana binciken wata 'yar'uwar nori da ke fitowa a gaɓar Wales. Ko albashi ba ta da shi a lokacin, don tun da ta yi aure cikin 1928 a ka sauke ta daga aikin koyarwa bisa dokar jami'ar ta wancan zamani. Ta zuba ƙwayoyin irin ciyawar a ruwa tare da ƙumba, ta yi ta dubawa da madubin likita. Sai ta ga ƙwayoyin suna huda ƙumbar su shige ciki, su zama wani jan zare-zare. Da masana sun ɗauka zaren nan wani tsiro ne dabam, har sun raɗa masa suna. Ashe ciyawar ce ta ke ɓuya a ƙumba ta ci bazara, in ruwa ya yi sanyi ta sako iri.

Ta buga wannan labari cikin 1949 a wata mujallar masana mai suna Nature. Wani shaihun malami na Japan, Sokichi Segawa, ya karanta, ya sanar da abokan aikinsa. Cikin 1953 wani ma'aikacin kifi a lardin Kumamoto, Fusao Ota, da 'yan'uwansa sun gano yadda za a raya irin a ƙumba cikin kwatami, a sa wa raga, sa'an nan a kai teku. Daga nan noman nori ya daina zama caca. Malamar ta rasu cikin 1957 ba ta taɓa taka Japan ba. Cikin 1963 masunta su ka tara kuɗi su ka gina mata abin tunawa a garin Uto, kuma ran 14 ga Afril na kowace shekara su kan taru a wurin. Uwar Teku su ke ce mata.

DAGA FILIFIN ZUWA ZANZIBAR

Ciyawar da a ke nomawa a Zanzibar ita ma hannu da yawa ne ya kawo ta. Da can ta daji a ke tsinta a gaɓar Filifin da Indunusiya da Afirka ta Gabas, har ma'aikatun Turai da Amurka su ka ga tana neman ƙarewa. Sai wani malamin Jami'ar Hawaii, Maxwell Doty, ya haɗa kai da ma'aikatan kifi na Filifin da wani kamfanin Amurka, su ka yi ta gwaji har wajen 1970 su ka sami hanyar dasa ta a igiya. Ɗaya daga cikin irin da su ka zaɓa an sa mata sunan Vicente Alvarez, mutumin Filifin da ya yi aikin tare da shi.

Wani ɗan Tanzaniya, Keto Mshigeni, ya yi karatu a Hawaii ɗin, ya komo Jami'ar Dar es Salaam, ya shiga bin ƙauyukan gaɓa yana gwaji. Har ɗan littafi ya rubuta da harshen Suwahili don talakawa su karanta, ciyawar kuwa mwani su ke ce mata. Cikin 1989 'yan kasuwa su ka kawo iri daga Filifin, a ka fara noman sosai a ƙauyukan Paje da Jambiani, daga baya ya bazu har tsibirin Pemba. Manomanta a Zanzibar sun haura zambar ashirin, kuma cikin kowane goma wajen takwas mata ne. Da kuɗin ciyawa mata da yawa su ka sayi kwanon rufi, su ka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta.

YADDA A KE NOMAN

Teku ta kan cika ta janye sau biyu a yini da kwana. Sau biyu kuma a wata, watau da tsayuwar wata da kuma ran da ya cika, ta kan janye nesa ƙwarai har mutum ya yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwarsa ba. Waɗannan kwanaki su ne kwanakin aiki, abin da ya sa manoman ke duban wata ke nan.

Mace ta kan kafa turaku biyu a rairayi, ta ɗaura igiya mai tsawon yadi goma zuwa ashirin a tsakaninsu. A jikin igiyar ta ɗaɗɗaura 'yan rassan ciyawa, tazarar taki guda guda. Igiyoyin su kan jeru kamar kunyoyi. Dashe ne irin na rogo ko rake, ba a bukatar ƙwayar iri. Duk janyewar teku sai ta je ta girgiza igiya don rairayi ya zube, ta cire baƙin ciyayi da su ka maƙale, ta gyara turken da ruwa ya tumɓuke. Wannan shi ne nomanta na fari da maimai.

Cikin mako shida reshe ya ninka kansa sau da yawa. Sai ta kwance, ta ware masu kyau ta mayar a igiya, sauran ta ɗauko a ka ko ta jawo cikin buhu zuwa tudu. A kan shanya bisa ganyen kwakwa ko bisa rumfa kwana biyu zuwa huɗu. Ɗanya kilo takwas zuwa goma ke ba da busasshiya kilo guda. Wadda a ka shanya a ƙasa ta kwashi rairayi, mai awo ya rage mata kuɗi, daidai da gyaɗa ko auduga mai datti.

INA A KE KAI TA?

Mutanen Barno da Yobe da Jigawa da ke tsaga dakwara su tara ƙaro za su gane wannan ciniki nan da nan, don kasuwarsu kusan ɗaya ce. Abin da ma'aikatu ke so a jikin ciyawar shi ne wani danƙo mai sa ruwa ya yi kauri ko ya daskare. Iri uku ne.

Na fari sunansa karajinan, daga jar ciyawa irin ta Zanzibar a ke samunsa. A kan sa shi a man goge haƙori, da askirim, da naman gwangwani, da madarar gwangwani don kada mai ya rabu da ruwa. Busasshiyar ciyawa a kan kai ta ƙasashe irin su Danmak da Amurka da Faransa da Sin, can a ke dafa ta a tace danƙon.

Na biyu shi ne aga. Cikin 1881 likitocin Jamus suna neman abin da za su raya ƙwayoyin cuta a kai don su bincike su, amma abin da su ke amfani da shi narkewa ya ke yi in an yi zafi. Matar wani likita, Fanny Hesse, ta ce su gwada aga, wanda ta ke daskarar da kayan zaƙi da shi a ɗakin girki. A ka gwada, ya yi. Shugaban aikin, Robert Koch, shi ne ya bayyana ƙwayar tarin fuka cikin 1882. Har yau ɗakin binciken asibiti, da na likitocin dabbobi irin na Vom, ba sa rabuwa da aga.

Na uku aljinet, daga ƙasa-ƙasar ciyawa. Wani Bature mai haɗa magunguna, Stanford, ya gano shi cikin 1881. Da shi masaƙu ke kaurara rini in za a buga zane a yadi, da shi likitan haƙori ke ɗaukar siffar baki, a kan kuma yi auduga ta ɗaure miki da shi.

WAHALAR MANOMA

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ciyawa iri biyu a ka kawo Zanzibar, kotoni da sifinosam. Kotoni ta fi tsada nesa, amma ba ta jure zafi. Shekarun baya ruwan gaɓa ya yi ta ƙara ɗumi, sai wata cuta ta shigo wadda ke mai da reshe fari fat kamar ƙanƙara, ya ruɓe ya karye. Kotoni ta mutu a yawancin gonakin bakin gaɓa, a ka bar mata da mai arha. Ga shi masu saye kaɗan ne, su ke yanka farashi. Ga kuma ciwon baya da na ido saboda sunkuyo cikin rana da ruwan gishiri. A Paje kanta mata da yawa sun bar aikin.

Har wa yau akwai wani aibi da manomin ƙasa zai gane. Tun da dashe a ke yi daga reshe zuwa reshe shekara fiye da talatin, irin duk ɗaya ne, cutar da ta kama igiya guda ta iya cinye gaɓa duka. Haka rogo ke yi in kowa a gari ya ɗebi dashe daga gona ɗaya.

Masana ba su zauna ba. Cikin 2006 wata malama ta Cibiyar Ilmin Teku ta Zanzibar, Dokta Flower Msuya, ta jagoranci kafa ƙungiyar da ta haɗa manoma da malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa wuri ɗaya. Abu biyu su ka sa gaba. Na ɗaya, a matsa da gona cikin ruwa mai zurfi inda ya fi sanyi, a zuba dashe cikin raga mai kamar hannun riga don kada igiyar ruwa ta kwashe. Wannan ya sa dole mata su koyi iyo da tuƙin jirgi, don yawancinsu da ba su iya ba. Na biyu, a daina sayar da ciyawa duka ɗanya, a riƙa niƙa gari, a yi sabulu da man shafawa da abin sha. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta san ribar da ke tsakanin sayar da tsaba da sayar da abin da a ka sarrafa. Daga 2017 zuwa 2021 kuma masanan Sikotilan da na Tanzaniya da Filifin da Malesiya sun yi aiki tare a kan cututtukan ciyawar da neman sabon iri daga na daji.

MAGANAR LEDA DA IGIYA

Abin da ya ƙara jawo hankalin duniya ga ciyawar teku shi ne roba. Waɗansu masanan Amurka sun ƙiyasta cewa cikin 2010 kaɗai robar da ta shiga teku daga tudu ta kai tsakanin ton miliyan 4.8 da miliyan 12.7. Roba ba ta ruɓa, sai dai ta farfashe, kifi da kunkuru da tsuntsaye su haɗiye. Mahauci da ya taɓa fasa tumbin saniya ya tarar da dunƙulen leda ya san irin wannan ɓarna. Kuma nisa ba ya hana: ledar da a ka yar a Kaduna ko Sakkwato, in ruwa ya ɗauke ta, Kwara za ta faɗa, Kwara kuwa a teku ta ke ƙarewa. Ta Kano da Haɗeja Tafkin Cadi ta ke nufa. Saboda haka Ruwanda ta hana leda cikin 2008, Kenya 2017, Tanzaniya 2019.

Hani kaɗai ba ya isa sai an sami madadi. Danƙon ciyawar teku in an shimfiɗa shi ya bushe ya kan zama fale-fale kamar leda, ya kuma ruɓe cikin 'yan makonni. Waɗansu ɗalibai biyu a London su ka kafa kamfani a kan wannan cikin 2014, sunansa yanzu Notpla. Cikin tseren gudu na London na 2019 an raba wa masu gudu abin sha ƙunshe cikin wannan fata, mutum ya jefa a baki ya haɗiye har ƙunshin. Cikin 2022 kamfanin ya ci kyautar Earthshot ta fam miliyan guda. A Indunusiya ma ana yin irin wannan ƙunshi. Amma a faɗi gaskiya, har yanzu ya fi leda tsada, kuma ba ya jure laima kamarta. Ɗan tireda ba zai saye shi ba sai farashinsa ya sauko.

Abin mamaki, gonar ciyawar kanta da igiyar roba a ke yinta, in ta tsinke sai ta zauna a teku. Haka taru da komar masunta: wanda ya ɓace a ruwa ya kan yi shekaru yana kama kifi ba mai ɗiba. Don haka masana a Sifen da Faransa da Ingila suna gwada igiya da raga na wata roba da a ke yi daga tsiro, wadda za ta yi aiki sa'an nan ta ruɓe. Wuyar abin ita ce daidaita lokaci. In ta ruɓe da wuri amfani ya zube, in ta ƙi ruɓa ba a yi kome ba. Matan Zanzibar tun kakanninsu su kan binne ɓawon kwakwa a rairayin gaɓa wata da watanni, su daka, su tufka igiya mai jure ruwan gishiri. Irin wannan zare, da su rama, su ma sun cancanci a sake dubansu.

ABIN DA YA SHAFI WANNAN YANKI

Tun 2011 wata ƙasa-ƙasar ciyawa mai yawo bisa ruwa, sargasam, ta ke tuɗowa tuli-tuli a gaɓar Saliyo da Gana da Nijeriya, tana cika tarun masunta, tana wari in ta ruɓe. Ana binciken yadda za a mai da ita taki ko makamashi. Sai dai a yi hattara: sau da yawa tana ɗauke da gishiri da wata guba mai suna arsanik. Kada a ba dabba, kada a zuba a lambu, sai ma'aikatan gona sun auna ta.

Ƙasashen da ba su da teku ma ba a bar su a baya ba. A Kanem ta ƙasar Cadi mata su kan kwashi wata koriyar gansakuka a tafkunan kanwa, su shanya a rairayi, su yi waina-waina da ita, sunanta dihe, a kan sa a miya. Wani masani ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwa wajen 1964, a ka auna a ka tarar fiye da rabinta abinci ne mai gina jiki. Yau ana nomanta a ƙasashe da yawa da sunan sifirulina.

Duk labaran nan hanyarsu ɗaya. Malamar Manchester ta ga abin da masunta ba su iya gani ba, amma sai da ma'aikatan Kumamoto su ka mai da shi aikin hannu kafin kowa ya ci moriya. Irin Filifin bai zama kuɗin makaranta a Paje ba sai da malami da ɗan kasuwa da manomiya su ka haɗa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomin da ya ga baƙon abu a gonarsa, ko cuta ko tsiro, ya kai wa malamin gona ya gani. Wanda ke dashe ya riƙa sabunta iri. Masu ƙaro da riɗi da zoɓo su shiga ƙungiyar gama kai, su tsabtace kayansu, su nemi mai saye fiye da ɗaya. Ledar taki da ta iri kuma a tattara ta, kada a bar wa iska da ruwan damina.